Marisuwa Da Darasin Ɗakin Majiyyata

Cikin watan Satumba na shekara ta 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a Ikko ɗauke da marasa lafiya. Ciwon da suka zo da shi mura ce mai tsanani, wadda ta riga ta yi ɓarna a Saliyo tun watan Agusta. Daga Ikko sai ta bi hanyar jirgin ƙasa ta yiwo Arewa, ta ratsa Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, har ta kai Kano. Ita ce Hausawa suka sa wa suna Marisuwa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a Nijeriya kaɗai ta kashe mutum wajen 500,000.

To, a wannan zamani likitoci ba su san ainihin abin da ke kawo ciwon ba, gama sai a shekara ta 1933 aka gano ƙwayar mura ta ɗan Adam, a birnin Landan. Duk da haka sun lura da abu guda: inda aka cusa majiyyata da yawa cikin ɗaki ɗaya, a nan ciwo ya fi yaɗuwa. Wannan kuwa ba sabon ilimi ba ne. Tun shekara ta 1859 Florence Nightingale ta rubuta cewa wajibi ne a gina ɗakin majiyyata da tagogi masu duban juna, domin iska ta riƙa ratsawa, a kuma bar fili tsakanin gado da gado. Saboda haka a asibitocin soja na Amurka aka riƙa rataya zane tsakanin gadaje, ana juya kan wannan wajen ƙafar wancan, masu jinya kuma suna rufe hanci da baki da ƙyalle. A kusa da Boston har fitar da majiyyata aka yi, aka yi jinyarsu cikin tantuna a sarari.

Dalilin amfanin waɗannan dabaru bai fito fili ba sai a shekara ta 1934, sa'ad da William Wells ya nuna cewa feshin tari iri biyu ne. Manyan ɗigo suna faɗuwa kusa da mai tari, amma ƙanana sukan bushe su yi ta yawo cikin iskar ɗaki. Watau tazara da labule suna tare na farko, na biyu kuwa sai sauyin iska ke korarsa.

An yi sakaci da wannan darasi, har ya zuwa shekara ta 2003, lokacin da cutar SARS ta shiga wani ɗakin majiyyata a Asibitin Prince of Wales na Hong Kong. Daga majiyyaci ɗaya mutum fiye da ɗari suka kamu, da yawansu ma'aikatan asibiti ne da ɗaliban likitanci. Da cutar Korona ta iso Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, sai aka komo kan tsohuwar hanya: ware mai tari tun daga ƙofa, tara masu ciwo iri ɗaya a ɗaki guda, rufe hanci da baki, wanke hannu, da buɗe tagogi.

Mutanen Hanwa da Tudun Wada sun san manyan ɗakunan asibitin Tudun Wada, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya zauna kafin ya koma Shika a shekara ta 2005. A irin waɗannan ɗakuna abu biyu ke wahalar da mu. Na ɗaya, lokacin hunturu kowa so ya ke a rufe taga saboda sanyi da ƙura. Na biyu, dubiya zumunci ce, majiyyaci guda sai dangi su kewaye gadonsa. Ba a cewa a bar zumunci, amma in annoba ta zo, kyautatawa ita ce a bar mai jinya ɗaya, a ƙara wa majiyyaci bargo, a bar taga a buɗe.

Malaman da ke kula da ɗakunan kwanan ɗalibai su ma ya kamata su duba, gama hukuncin ɗaya ne. Rigakafi dai ya fi magani.