Lakwal ɗin nan ta wa ce?

A taron da muka yi bayan salla, sa'ad da maganar azuzuwan zana ta taso, wani dattijo daga cikinmu ya yi tambayar da ta sa wuri ya yi tsit. Ya ce: shin lakwal ɗin nan ta wa ce? In ta gwamnati ce, don me za a ce mu tara kuɗin gini? In kuwa tamu ce, don me ba mu da ta cewa ranar da aka ɗauke mana mushe? Babu wanda ya ba shi amsa ranar nan. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bi sawun al'amarin tun daga tushe, kafin taro mai zuwa.

Nasara sun shigo Damagaram a 1899, kuma daga 1911 har 1926 a nan ne babban birnin ƙasar yake, kafin a mai da shi Yamai. Lakwal ta biyo su a baya. Kumandan yana bukatar tafinta, da magatakarda, da mai riƙe lissafin haraji, to ita ce ke samar masa da su. Yadda ake ɗibar yara kuwa, daidai yake da yadda ake ɗibar soja da ƴan aikin dole. Kumandan ya aika wa sarki, sarki ya aika wa maigari, a ce a kawo yara kaza ran kaza, gardi kuma yana tafe da bulala. Maigari ba ya ba da ɗansa. Sai ya duba gidan da babu mai tsaya masa, ya kama maraya ko ɗan bara ya miƙa. Kakanninmu mata sun sha ba mu labarin yadda ake ɓoye yaro cikin rumbu har gardi ya wuce. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: yaran nan da aka miƙa don a huta da su, su ne suka komo da wando da takalmi suna karanta wa maigari takardar kumandan. Masu ƙwazo ƙwarai aka wuce da su Yamai, daga can sai makarantar William Ponty a Senegal, inda Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka yi karatu, dukkansu kuma sai da suka riƙe alli kafin su shiga siyasa. Duk da haka, ranar 3 ga Agusta 1960 da aka samu ƴancin kai, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Bayan ƴanci aka sake rabon ƙasa a 1964, kumandan ya tafi, sufurufe ya zo. A zamanin nan ne tsarin da muka taso muka tarar ya zauna da gindinsa, kuma yana da kyau matasa su san shi, don har yanzu a kansa ake tafiya. Minista yana Yamai. Makarantun yanki guda suna hannun sufeto, wanda ke da biro a babban gari. Ƙarƙashinsa akwai masu zagayawa suna ba malamai shawara, sannan diraktan lakwal, sannan mushe a cikin aji. Komai daga sama yake gangarowa: takardar tura malami, da alli, da kaye, da littattafai, da ranar buɗewa da ranar rufewa. Abin da ke hawa sama kawai shi ne rahoton dirakta, ɗaya a farkon shekara ɗaya a ƙarshe.

Mu da muka zauna bisa benci a lokacin ba za mu manta da ranar zuwan sufeto ba. Tun da aka hango ƙurar mota sai a sa mu sharar fili. Ya shigo ya zauna a bayan aji bai ce uffan ba, ya karɓi kayen da mushe ke shirya darasi a ciki yana juya shi warƙa warƙa, ya ta da yaro ɗaya ko biyu ya yi musu tambaya. Daga nan ya ba mushe maki bisa ashirin, makin nan kuwa shi ke sa ya ci gaba ko ya tsaya wuri ɗaya. Don haka malami bai isa ya rufe aji ya tafi cin kasuwa ba. Shi kansa ya sha horo sosai a makarantar horon malamai, irin ta Askiya Muhammadu da ke Damagaram, albashinsa kuma yana zuwa ƙarshen wata. A wannan gefe tsarin ya yi aiki, gaskiya ɗaya ce. Amma sufeto ya zo ya koma bai taɓa zama da iyayen yara ba. In ya gaisa da maigari, ya gama da mu.

Ma'aunin lakwal kuwa guda ne: yara nawa suka ci satifika bayan shekara shida, nawa kuma suka samu shiga kwaleji. Wuraren kwaleji kaɗan ne, saboda haka mafi yawa gida suke komowa. Yaro ya yi shekara shida ana rataya masa sambol a wuya in ya kuskura ya yi Hausa, ga shi bai samu aikin biro ba, ga hauya ta yi masa nauyi. Ba tsuntsu ba tarko. Iyayen da suka ƙi lakwal a lokacin ba wawaye ba ne, lissafi suka yi.

Akwai wani abu da aka gwada a nan kusa da mu wanda ya kamata a riƙa tunawa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a unguwar Zango cikin Damagaram, inda yaro ke fara karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa, Faransanci kuma ya shigo sannu a hankali. Daga baya aka buɗe irinta cikin Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da harshen Buzaye. Waɗanda suka auna yaran sun tarar ba a bar su a baya ba, har a Faransancin. Amma gwaji aka kira ta, gwaji kuma ta zauna shekara da shekaru, ba ta iso ƙauye irin namu ba. A watan Maris na 2025 aka rubuta cikin kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Muna jira mu gani a kan allon ajinmu.

Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ana tsakiyar yunwa. Ba da jimawa ba kuɗin uraniyom suka shigo, aka yi gine-gine. Aka kuma ta da samariya, aka ce kowane gari ya taimaki kansa. Mu ne muka kwaɓa ƙasa, muka buga tubali, mata suka ɗebo ruwa, makaɗa suna kiɗa, har ajin ƙasa ya tashi. Wannan ne karo na farko da gumin mutanen gari ya shiga cikin lakwal da yardarsu. Da aka gama, dirakta ya karɓi makulli, shi ke nan.

Daga farkon shekarun 1980 abubuwa suka juya. Kuɗin uraniyom ya faɗi, fari ya sake zuwa a 1984, gwamnati ta shiga hannun masu ba da bashi, su kuma suka ce a tsuke bakin aljihu. A manyan garuruwa aka shigo da tsarin da malami ɗaya ke ɗaukar garke biyu na yara, wasu da safe wasu da marece. Ɗalibai suka ƙi waɗannan sauye-sauye, har aka harbe wasunsu a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Malamai suka riƙa yin wata da watanni babu albashi, yajin aiki ya bi yajin aiki, har akwai shekarar da ta tashi a banza ba a yi jarrabawa ba. Motar sufeto ta kwanta babu mai. A shekarun nan ne ƙauyuka suka saba da lakwal wadda babu mai leƙa ta.

Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ita ce ta faɗi a fili cewa nauyin makaranta na gwamnati ne da hukumomin gari da iyaye gaba ɗaya. A shekarar ce kuma aka fara ɗaukar malaman sa kai, waɗanda daga baya aka kira ƴan kwantaragi, ana biyansu abin da bai kai rabin albashin cikakken ma'aikaci ba. Da shirin shekara goma da aka fara a 2003, lakwal ta bazu har tungayen da ba su taɓa mafarkinta ba, ƴan mata kuma suka shiga da yawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai cikin ƴan shekaru ƴan kwantaragi suka zama su ne mafi yawan malamai, da yawansu kuma an ba su alli bayan horon ƴan makonni kawai.

Sannan aka kawo kwamitin kula da makaranta, wato COGES. An gyara tsarinsa a jihar Tawa da taimakon Japan daga 2004, aka baza shi ƙasa duka a 2005. A cikinsa akwai dirakta, da wakilan iyaye, da wakiliyar ƙungiyar uwaye, kuma jama'a ce ke zaɓensu. Kowace shekara a tara gari a tsara aikin da za a yi, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo. Kwamitin shi ke kafa zana, ya gyara benci, ya sayi alli in ya yanke, ya nemo wa baƙon malami ɗaki, ya bi gida gida a kan yaran da suka daina zuwa. Amma ba ya ɗaukar malami, ba ya riƙe shi, ba ya iya cewa komai in ya yi mako bai zo ba, sai dai ya kai kuka. A 2016 aka ce an miƙa wa hukumomin gari harkar makarantun firamare, amma kuɗin bai biyo takardar yadda ya kamata ba, a Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun garuruwan aka naɗa masu riƙo.

To, mene ne sakamakon? Wani bincike mai suna PASEC ya auna yara a ƙasashe 10 na Afirka a 2014, ya tarar a Nijar waɗanda suka kai ajin ƙarshe suna karatu yadda ya kamata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 abin ya ɗaga zuwa kamar uku cikin goma. A 2017 aka yi wa ƴan kwantaragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki. Ba mu kawo wannan don mu ci mutuncinsu ba. Mun ga yarinyar da aka turo mana, ba ta san kowa ba, kuɗinta ba ya zuwa kan lokaci, in ya zo kuma sai ta yi kwana biyu ko uku a gari tana bin layi. Kwanakin nan daga karatun ƴaƴanmu ake cire su.

Haka ma zana. Yamai ta ce a buɗe lakwal a Oktoba, amma kara ba ya samuwa sai an gama girbin hatsi, don haka ajin zana ba ya tsayuwa sai sanyi ya shigo. Iskar farkon damina kuma ta kwashe shi tun ba a rufe shekara ba. Yaron da ke cikinsa yana asarar watanni kowace shekara, rahoton dirakta kuwa ya rubuta shi cikin masu zuwa lakwal. Ga kuma wuta. A Afrilun 2021 yara kimanin 20 suka ƙone cikin azuzuwan zana a Yamai, ranar 8 ga Nuwamba na shekarar kuma sama da 20 a Maraɗi. Allah ya jiƙansu. A lokacin gwamnati da kanta ta ce irin waɗannan azuzuwa sun kai wajen 36,000 a ƙasar.

A ganinmu dattijon nan yana da gaskiya: tun daga zamanin samariya kaya yake gangarowa kanmu, iko kuwa yana inda kumandan ya bar shi. Duk da haka ba mu goyi bayan a ƙi ginin ba, don ƴaƴanmu ne ke zaune cikin karan, ba ƴaƴan Yamai ba. Abin da za mu kawo gaban taro shi ne, kafin a karɓi ko dala daga hannun kowa, ma'ajin kwamiti ya zo da kayen kuɗi a karanta shi a bainar jama'a. Dirakta kuma ya faɗa mana kwana nawa aka yi karatu a kowane aji bara, ba kwana nawa aka ce a yi ba. Sannan a zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su kai wa sufeto takarda da hannunsu, su nemi ya rubuta mana cewa in ajin ya tashi za a bar malami a cikinsa har ƙarshen shekara. Taron yana nan ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar maigari. Ƴan'uwan da ke Damagaram da Yamai, wanda ba zai samu zuwa ba ya aiko da ra'ayinsa ta hannun sakatare.