Tarihin Jonah Lomu, gwarzon ƙwallon zari-ruga

Jonah Lomu na New Zealand shi ne ɗan wasan ƙwallon zari-ruga na farko da sunansa ya zaga duniya, har a ƙasashen da ba a damu da wasan ba.

An haife shi a birnin Auckland ranar 12 ga watan Mayun 1975. Iyayensa 'yan asalin tsibiran Tonga ne.

Yana ɗan shekara 19 ya fara buga wa ƙungiyar ƙasarsa, wato All Blacks, a wata karawa da Faransa a shekarar 1994.

A al'ada, gudu ake nema wajen ɗan wasan gefe, ba girman jiki ba. Lomu kuwa ya haɗa duka biyun: tsayinsa mita 1.96, nauyinsa kimanin kilo 120, ga kuma gudu kamar barewa.

Tauraruwarsa ta haskaka ne a gasar cin kofin duniya ta 1995 a Afirka ta Kudu. A wasan kusa da na ƙarshe a Cape Town, sau huɗu yana kai ƙwallo bayan layin Ingila, wanda shi ne ci mafi yawan maki a wannan wasa. A na farkon, bai ma kauce wa Mike Catt ba, bi ta kansa ya yi ya wuce.

Sai dai masu masaukin baƙi sun tare shi a wasan ƙarshe, inda suka yi nasara da maki 15 da 12. A gasar 1999 ya ci sau takwas, amma Faransa ta fitar da su. Bai taɓa ɗaukar kofin ba.

Abin mamaki shi ne, yawancin wannan bajinta ya yi ta ne yana fama da ciwon ƙoda mai tsanani, wanda ya riƙa raba shi da fili. Ya buga wa ƙasarsa wasa 63, ya ci sau 37, kafin wasansa na ƙarshe a 2002.

An fara yi masa wankin ƙoda a 2003, aka yi masa dashe a 2004. Ya koma wasa da Cardiff Blues ta Wales a 2005, amma ƙarfin da aka san shi da shi bai dawo ba.

Ƙodar da aka dasa masa ta daina aiki a 2011. Ya mutu a Auckland ranar 18 ga watan Nuwamban 2015, yana da shekara 40.