Allurar da ba ta huda

Idan kana da tsohuwar Nokia 3310 a cikin wata durowa, ɗauko ta ka cire batirin. Za ka ga wasu ɗige-ɗige na ƙarfe, ƙanana kamar ƙwayar gero, suna leƙowa ta jikin robar. Da waɗannan ɗigon ƙanina ya ci abinci shekara da shekaru a Titin Falasɗinu, babbar kasuwar waya ta nan Jidda.

Kowace waya tana da ƙwaƙwalwa a manne a jikin allonta, kuma sai an zuba mata manhaja take aiki. To ta ina za a zuba, tunda an riga an haɗa komai? Kana iya liƙa siraran wayoyi da dalma, ka gama ka cire. Amma zafin dalma kan ɗaga ɗigon daga allo, in kuwa ya ɗaga, ka shiga uku da mai waya. Shi ya sa masana'antu suka koma ga wata 'yar allura mai sassa uku: bututu, sifirin a cikinsa, da kan da ke nutsewa in an danna. Turawa sun raɗa mata sunan pogo, wani sandan wasan tsalle na yara. Ana shafa mata ruwan zinare don kada ta yi tsatsa. A masana'anta akan jera ɗaruruwansu, a kwantar da allo a kai, a gwada, a ɗaga.

Da sassan na'ura suka riƙa ƙanƙancewa, allurai suka daina samun wurin taɓawa. A 1985 wasu kamfanonin lantarki suka kafa kwamiti, a 1990 aka amince da tsarinsu mai suna JTAG, wanda da layi huɗu kacal za ka yi magana da ƙwaƙwalwar. Don gwaji aka yi shi, amma ya zama ƙofar masu gyara.

Nokia 3310 ta fito a 2000, GSM ya shiga Nijeriya a 2001. Ka tuna lokacin? Alhaji ba ya komawa gida sai da waya a tsaraba. Wata tana kulle, wata ba Larabci, wata ta mutu a kan tambarin kamfani. Duk maganinsu ɗaya, filashin. Yaro zai maƙala kebul mai allurai a ƙarƙashin batir, ya haɗa da ɗan akwati irin su UFS ko JAF, akwatin ya haɗu da kwamfuta. In kebul ɗin ya saki, da yatsa ake dannewa har a gama. Na sha kai wa ƙanina abinci in tarar da shi ya ƙame kamar gunki, ya ce, "Yaya, ajiye can, in na motsa ta mutu."

Ni abin bai zame mini baƙo ba, don aikina ke nan a asibiti. Idan zan ɗauki ECG, maƙalai goma nake ɗora wa majiyyaci, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu. Ba yanka, ba huda, amma ɗaya ya ɗan ɗaga, takarda ta fito da shirme. Willem Einthoven na ƙasar Holan, wanda ya sami lambar Nobel a 1924 kan wannan gwaji, bokitan ruwan gishiri yake sa mutane su tsoma hannuwa da ƙafa. Mu da masu gyaran waya matsalarmu ɗaya: a taɓa sosai, a saki ba tabo.

A watan Maris na 2016 aka sanar cewa sayar da waya da gyaranta sun koma hannun 'yan ƙasa, rabi nan da wata uku, duka nan da wata shida. Zuwa Satumba, baƙi sun bar kantunan. Ƙasa tasu ce, su ma suna da matasa masu neman aiki. Wasu cikin yaranmu suka koma tuƙi, wasu dako, wasu suka tattara sai gida.

Ƙanina yana cikin na ƙarshe. Kantin ba nasa ba ne, haka teburin da fitilar. Abin da ya ɗauka bai cika jakar hannu ba: akwatunan filashin biyu, damin kebul, da 'yar kwalbar allurai. Da su ya fara a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, a gefen teburin wani abokinsa. Yau wayoyi sun canja, yawancin aikin ta kebul ɗin caji ake yi, amma in waya ta ƙi tashi sam, har yanzu buɗe ta yake ya nemo ɗigon.

Kai da ke zaune a ƙasar mutane da iƙama, in ɗanka ya ce gyaran waya yake so ya koya, kada ka yi masa dariya. Tambaye shi kawai ko abin da zai koya zai shiga jakar hannu ranar da aka ce a tashi. Allah ya sa mu koma gida da abin yi.