Ɗalibai Tara da Suka Ceci Makarantarsu da Murya

Yau za mu leƙa Amurka ta shekarar 1871, mu ga labarin wasu ɗaliban waƙa su tara da suka hau jirgin ƙasa ba su da rigunan sanyi, suka tafi neman kuɗin da zai hana a rufe makarantarsu. Mun zaɓi labarin ne saboda a cikinsa akwai tambayar da duk wanda ya riƙe alƙalami zai ci karo da ita wata rana: abin da ka gada a gida, wanda kake jin nauyin fito da shi, mene ne matsayinsa a gaban baƙi, kuma me yake rasawa idan ka gyara shi domin su?

Mu fara da makarantar. An gama yaƙin basasar Amurka a 1865, kuma a ƙarshen wannan shekarar aka haramta bauta a kundin tsarin mulkin ƙasar. Mutum kusan miliyan 4 suka samu 'yanci, mafi yawansu ba su iya karatu ba, domin a jihohin kudu da dama doka ta hana a koya wa bawa karatu. A watan Janairun 1866 wata ƙungiyar 'yan mishan ta arewacin ƙasar ta buɗe makaranta a birnin Nashville na jihar Tennessee, aka sa mata sunan Janar Clinton Fisk, wanda ke kula da sha'anin 'yantattun bayi a yankin. Azuzuwan makarantar tsofaffin ɗakunan katako ne na barikin soja da aka bari bayan yaƙi. Yara da tsofaffi suka yi ta tururuwa, jika da kaka a benci ɗaya suna koyon baƙaƙe.

Shekara biyar kacal, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Katako ya ruɓe, rufi na yoyo, albashin malamai ya maƙale, bashi ya yi katutu. Ma'ajin makarantar wani Bature ne mai suna George White, tsohon soja, wanda kuma shi ke koyar da waƙa. Ya daɗe yana horar da wasu ɗalibai masu murya, har sun taɓa gabatar da wasan kwaikwayo na waƙa a kan labarin Sarauniya Esther, wanda William Bradbury ya tsara, inda wata budurwa Maggie Porter ta fito a matsayin sarauniyar. Ganin yadda jama'a suka karɓi wasan, White ya ƙudurta cewa waɗannan yaran za su iya samo kuɗi a arewa. Shugabannin mishan ba su goyi bayansa ba. Ya tattara ɗan abin da ya rage a asusu, ya ci bashi, suka kama hanya ranar 6 ga Oktoba, 1871.

Ya kamata mu san su da sunayensu, domin tarihi yakan haɗiye irinsu ya bar sunan malami kaɗai. Mata biyar ne: Ella Sheppard, Maggie Porter, Jennie Jackson, Eliza Walker da Minnie Tate, wadda shekarunta ba su wuce 14 ba. Maza huɗu: Isaac Dickerson, Greene Evans, Thomas Rutling da Benjamin Holmes. In ban da biyu, dukkansu cikin bauta aka haife su. Ella Sheppard, mai shekara 20, ita ce mai kaɗa fiyano kuma mataimakiyar White wajen horo. Mahaifinta ne ya fanshe ta da kuɗi tun tana ƙarama, mahaifiyarta kuwa aka tafi da ita Mississippi tana baiwa. Benjamin Holmes ya koyi karatu ne a ɓoye a birnin Charleston, yana yaron tela, ta hanyar haɗa baƙaƙen da yake gani a allunan kan titi da ƙofofin shaguna idan an aike shi.

Makonnin farko sun yi musu zafi. A wancan zamanin abin da Turawan Amurka suka saba gani a dandamali shi ne fararen fata su shafa baƙin gawayi a fuska, su riƙa kwaikwayon baƙar fata da sigar wawaye, jama'a na dariya. To sai ga baƙaƙen fata na gaske, sanye da tufafin mutunci, tsaye cik, suna waƙa cikin natsuwa. Mutane suka rasa inda za su ajiye su. Otal-otal sun hana su ɗaki, an kore su daga ɗakunan jira na tashoshin jirgi, wani lokacin abin da aka tara a wasa bai biya kuɗin zauren ba. Duk da haka, da labarin babbar gobarar Chicago ya iso su a cikin watan na Oktoba, ɗan abin da suka samu a wani wasa a jihar Ohio, wanda bai kai dala 50 ba, suka bayar da shi gudummawa ga waɗanda gobarar ta shafa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne jerin waƙoƙin da suka fita da su. Waƙoƙin Turawa ne: na coci, na kishin ƙasa, da waɗanda ake yayi a falon masu hali. Nufinsu su nuna cewa ɗan bawa ma yana iya abin da ɗan ubangida ke yi. Waƙoƙin iyayensu kuwa, waɗanda bayi suka ƙirƙira a gandun auduga da wuraren ibadarsu na dare, mai bayarwa na bayarwa jama'a na amshi, waɗannan sun bar su a ɗaki. Daga baya Ella Sheppard ta bayyana dalili. A wajensu waƙoƙin na tuna musu da zamanin da suke son mantawa, sannan kuma abubuwa ne masu tsarki ga iyayensu, ba na nishaɗin baƙi ba. Sai da White ya yi ta lallashi suka fara rera masa su a bayan ƙofa, Ella na ɗauko wasu daga bakin tsofaffi, har suka yarda su riƙa saka ɗaya ko biyu a ƙarshen wasa.

A watan Nuwamba suka isa garin Oberlin, inda limaman coci daga sassan ƙasar ke babban taro. Ba a ba su wani lokaci na kirki ba, sai ɗan tsakanin zama da zama, mutane na ta hira. Suka fara ɗaya daga waƙoƙin bayin, mai suna "Steal Away", da murya ƙasa-ƙasa kamar raɗa. Zauren ya yi tsit. Daga wannan rana jerin ya fara juyewa: waƙoƙin gida suka dawo gaba, na aro suka koma baya. A cikin wannan tafiyar ne kuma White ya raɗa musu suna Jubilee Singers, daga shekarar 'yanta bayi da yafe bashi da aka ambata a Littafin Firistoci na Attaura, wadda ke zagayowa bayan shekara 50.

A watan Disamba shahararren mai wa'azi Henry Ward Beecher ya gabatar da su a cocinsa da ke Brooklyn, ya nemi mabiyansa su buɗe aljihu. Daga nan ƙofofi suka buɗe. A 1872 sun yi waƙa a fadar White House gaban Shugaba Ulysses Grant, suka koma Nashville da dala 20,000. A 1873 suka tsallaka teku zuwa Ingila, suka rera wa Sarauniya Biktoriya, Firayim Minista William Gladstone ya karɓe su a gidansa. Daga baya suka zaga Holan da Jamus. Kafin a wargaza ƙungiyar a 1878 sun tara wa makarantar kimanin dala 150,000. Da kuɗin aka sayi fili a kan tudu aka gina Jubilee Hall, ƙaton bene na jan bulo da aka buɗe a Janairun 1876, wanda har yau yana nan tsaye a Jami'ar Fisk.

Da a nan muka tsaya, da mun ba da labari mai daɗi amma rabinsa. Yaran nan ɗalibai ne, karatu suka zo yi, amma shekarun da ya kamata su yi a aji sun ƙare a jirgi da dandamali. Mafi yawan taran farko ba su kammala karatu a makarantar da suka ceta ba. Wasa kusan kullum, sanyi, da tafiya ba hutu sun karya lafiyar da yawansu, an kuma yi ta saɓani tsakaninsu da shugabanni a kan albashi da yawan aiki. Benjamin Holmes ya rasu da tarin fuka a 1875 yana saurayi. Thomas Rutling da Isaac Dickerson ba su koma zama a Amurka ba, a Birtaniya suka ƙare rayuwarsu. Duk wanda zai rubuta labarin ginin, wajibi ne ya rubuta da jikin wa aka biya kuɗin bulon.

Sai kuma batun waƙoƙin kansu. A bakin bayi, waƙar ba ta da tsayayyen tsawo. Mai bayarwa yakan ƙara baiti yadda zuciya ta ba shi, muryoyi na shiga da fita, ga tafi, ga buga ƙafa, ga lanƙwasar murya da ke faɗawa tsakanin sauti da sauti. White ya horar da ɗalibansa a kan tsarin ƙungiyar mawaƙa ta Turai: muryoyi kashi huɗu, furuci tsaf, a fara tare a tsaya tare. A 1872 wani masanin kiɗa, Theodore Seward, ya rubuta waƙoƙin da alamomin kiɗa na Turawa, aka buga littafi ana sayarwa a ƙofar zaure. Wannan rubutun ya adana waƙoƙi masu yawa da wataƙila da sun bi tsofaffi kabari. Amma alamomin ba su da gurbin lanƙwasar nan, ba su da gurbin tafi, ba su da gurbin baitin da ake ƙirƙira nan take. Abin da takarda ta iya ɗauka shi ya rayu a matsayin waƙar, sauran ya zube a hanya.

Marubuta biyu baƙaƙen fata sun kalli wannan gado ta fuska biyu. W. E. B. Du Bois, wanda ya kammala Fisk a 1888, ya buɗe kowane babi na littafinsa The Souls of Black Folk na 1903 da ɗan layin alamomin kiɗa daga waƙoƙin bayi, ya kuma keɓe babin ƙarshe gare su. A ganinsa su ne kyauta mafi daraja da baƙar fata suka ba Amurka, kuma ɗaliban Fisk ne suka sa duniya ta saurara. Zora Neale Hurston kuwa, wadda ta yi yawo a ƙauyukan kudu tana tattara adabin baka, ta rubuta a 1934 cewa abin da ake rerawa a zauren kiɗa sabon abu ne da aka gina a kan na asali, na asalin yana can a ƙananan coci-coci inda ba a rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Mu a namu karatun, kowannensu ya faɗi gaskiya. Ba don gyaran ba da zauren Oberlin bai yi shiru ba, kuma gyaran ya rage wani abu da ba ya dawowa.

Tasirin bai tsaya a Amurka da Turai ba. Frederick Loudin, wanda ya shiga ƙungiyar daga baya, ya jagoranci wata tawagar zuwa Ostireliya da Indiya da Japan. Orpheus McAdoo, wanda ya yi waƙa tare da Loudin, ya kai tasa ƙungiyar Afirka ta Kudu a 1890, inda baƙaƙen fatar can suka ga 'yan uwansu a dandamali cikin mutunci, abin ya shiga salon waƙar ƙungiya na ƙasar. A 1909 wasu mawaƙa huɗu na Fisk suka naɗi waƙoƙin a faifan garmaho. A 2007 ƙungiyar ta ziyarci Gana, ta yi waƙa a kurkukun bayi na Elmina, inda aka riƙa loda mutane a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Amurka. A 2021, shekara 150 da fitar farko, ta samu lambar yabo ta Grammy.

To mu da muke koyon rubutu, me muka tsinta? Da yawanmu mun fara ne kamar yadda suka fara, da kayan aro. Muna gina labari a kan fim ɗin da muka kalla, mu sa wa taurarinmu rayuwar da ba mu taɓa gani ba, muna jin cewa maganar kakarmu a bakin murhu ba ta isa shiga littafi ba. Ɗaliban Fisk sun yi makonni suna yunwa da waƙoƙin aro kafin su gane abin da ke hannunsu. Amma darasin Hurston ma namu ne. Ranar da muka zauna rubuta tatsuniya ko waƙar daka da muka ji a gida, mu sani cewa takarda za ta zubar da murya, da dariyar masu sauraro, da amshi. Sai mu yanke shawara da idonmu a buɗe: me za mu gyara domin mai karatu ya fahimta, me za mu bari yadda yake ko da zai yi masa tsauri, kuma sunan wa za mu ambata a matsayin wanda muka ji daga bakinsa. Ella Sheppard ta ɗauko waƙoƙi daga tsofaffin da yau ba a san sunayen mafi yawansu ba.

Har yanzu, duk ranar 6 ga Oktoba, ɗaliban Jami'ar Fisk kan taru su yi bikin tunawa da fitar, sannan su je maƙabartun Nashville inda aka binne wasu daga cikin mawaƙan farko, su yi musu waƙa a bakin kabari. Aikinmu na wannan mako: kowa ya nemi dattijo ɗaya a gidansu, ya roƙe shi waƙa ko labari guda da ba a taɓa rubutawa ba, ya rubuta shi, sannan a ƙasa ya lissafa abubuwan da ya ji da kunnensa amma alƙalami ya kasa ɗauka. Sai mun ji daga gare ku.