Daga Fensirin Akawu Zuwa Makuro

A da, akawun da aka ce ya ware kuɗin sufuri daga na abinci sai ya ɗauki fensir da rula, yana bin layi ɗaya bayan ɗaya. A 1979 Dan Bricklin da Bob Frankston suka fito da manhajar VisiCalc a Amurka, jadawalin lissafi ya koma cikin kwamfuta.

Manhajar Lotus 1-2-3 ta 1983 ce ta yayata makuro, wato jerin umarni da kwamfuta ke riƙewa ta maimaita. A 1993 Excel 5.0 ta kawo yaren VBA na rubuta makuro, wanda har yau ake tace dubban layuka da shi, kowane rukuni a shafinsa.

Mazambata ma sun shigo ta wannan ƙofa, shi ya sa a 2022 kamfanin Microsoft, mai Excel, ya fara toshe makuron fayilolin da aka sauke daga intanet.