Shin Allah Ɗaya Muke Bautawa Da Kiristoci? Darasi Daga Habasha Da Najran

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Wata ɗalibata ta tambaye ni a aji: "Malam, maƙwabciyarmu Kirista ce, ita ma Allah take kira. Allahnmu ne ko wani ne daban?" Maimakon in amsa mata da e ko a'a, sai na mayar da ita ga tarihi.

A shekara ta biyar bayan aiko Manzon Allah (SAW), wajen 615 Miladiyya, azabar Ƙuraishawa ta tsananta, sai ya umarci sahabbai su yi hijira zuwa Habasha, ƙasar wani sarki Kirista adali, wato Najjashi. Ƙuraishawa suka tura Amru bin Asi da kyaututtuka domin a dawo musu da su. Ja'afar bin Abi Ɗalib ya karanta farkon Suratu Maryam a fada, sarki ya yi kuka, ya shaida cewa wannan karatu da abin da Annabi Isa (AS) ya zo da shi tushensu ɗaya.

Washegari Amru ya koma da dabara, ya nemi a tambaye su matsayin Isa a wurinsu. Ja'afar bai ɓoye komai ba, ko da yake mafakarsu na iya suɓucewa. Ya bayyana cewa Isa bawan Allah ne kuma ManzonSa. Manyan fada suka yi gunaguni, sarki kuwa ya gaskata, ya ba su aminci. Daga baya ya musulunta, Annabi (SAW) ya yi masa sallar ga'ib.

A ƙarshen zaman Madina kuma, tawagar Kiristocin Najran, mutum sittin, ta zo aka yi muƙabala kan Isa. Ba su karɓi Musulunci ba, suka ƙi shiga mubahala, aka ƙulla yarjejeniyar da ta kare rayukansu da majami'unsu.

Daga nan za mu gane cewa tambayar ta kasu biyu. Ta farko: wa ake nufi? Aya ta 46 a Suratul Ankabut ta koyar da mu sanar da Ahlul Kitabi cewa Abin bautarmu da nasu guda ne. Mahalicci ɗaya ne, Ubangijin Ibrahim. Larabawa Kiristoci "Allah" suke cewa, haka ma Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. A 1965 Cocin Katolika ta bayyana a taron Batikan na biyu cewa Musulmi suna bauta wa Allah Makaɗaici, ko da yake wasu Kiristoci ba su yarda da hakan ba.

Ta biyu: yaya aka siffanta Shi, kuma yaya ake bauta maSa? A nan saɓanin yake, kuma babba ne. Su sun yi imani da Triniti da allantakar Isa, mu kuwa Suratul Ikhlasi ta kore wa Allah haihuwa da kini, ba ma kuma bauta wa Isa.

Saboda haka, ya ɗan uwa, kada neman zaman lafiya ya sa ka ce babu bambanci, kada kuma kishin addini ya kai ka ga zagin maƙwabci. Ja'afar ya faɗi aƙidarsa cikakkiya cikin ladabi, a gidan wanda ya ba shi mafaka. Wannan ita ce amsar da na ba ɗalibata.

Allah Ya tabbatar da mu a kan tauhidi. Wallahu a'alam.