Tarihin Sace Hanya a Tsarin BGP

BGP ita ce ƙa'idar da kamfanonin sadarwa ke bi wajen sanar da juna hanyar da saƙo zai bi ya isa inda aka aika shi a intanet. Kowane kamfani yakan yi wa maƙwabtansa shelar adiresoshin da ke hannunsa, su kuma su isar wa na gaba. Yakov Rekhter na IBM da Kirk Lougheed na Cisco ne suka zana ta a 1989, a kan takardun goge baki, a wani taron injiniyoyi. Wasu sun ce takardun biyu ne, wasu suka ce uku. Abin da babu gardama a kansa shi ne, ba a tanadi hanyar tantance gaskiyar mai shela ba. Masu hanyoyin a lokacin 'yan ƙalilan ne, kuma sun san juna.

A watan Afrilun 1997, kuskuren wani ƙaramin kamfani a jihar Bajiniya ta Amurka ya rikita intanet na sa'o'i. Amma darasin da aka fi koyarwa shi ne na 24 ga Fabrairu, 2008. Gwamnatin Pakistan ta ba da umarnin toshe YouTube a cikin ƙasar, sai Pakistan Telecom ya yi shelar cewa wani yanki na adiresoshin YouTube a wurinsa yake. A ƙa'idar BGP, shelar da ta fi ƙayyade adireshi ita ke rinjaye. Shelar ta tsallake zuwa kamfanin PCCW na Hong Kong, wanda ya yaɗa ta ba tare da tacewa ba, masu neman YouTube a duniya suka riƙa faɗawa Pakistan har kusan sa'a biyu.

Batun China Telecom na Afrilun 2010, lokacin da kamfanin ya yi shelar adiresoshin da ba nasa ba, ya sha zuzutawa. An yi ta yayata cewa kashi 15 cikin 100 na zirga-zirgar intanet aka karkatar. Masana suka gyara cewa lissafin na jerin adiresoshi ne, ba na yawan saƙonni ba, kuma maganarsu ce abin kamawa.

A 2018 an ga fuskokin matsalar biyu. A Afrilu ɓarayi suka sace hanyar wasu adiresoshin Amazon da gangan, suka wawashe kuɗin kirifto na masu amfani da MyEtherWallet. Ranar 12 ga Nuwamba kuwa, kamfanin MainOne na Legas ya saki hanyoyin Google bisa kuskure, saƙonni suka zagaya ta Rasha da Sin na fiye da sa'a guda. Kafin kamfanin ya bayyana cewa kuskuren saiti ne, har an fara zargin leƙen asiri.

Maganin da ya samu karɓuwa shi ne RPKI, wanda aka fitar a 2012: mai adireshi ya sa hannu a kan wanda ya yarda ya yi shela da sunansa. Yana tantance mafarin hanya ne kawai. BGPsec, wanda zai tantance hanyar gaba ɗaya, an kammala shi a 2017, kuma kusan babu mai aiki da shi.